Bidiyo ya ƙi buɗewa, hoto baƙi, murya babu: tambayoyin da ƴan montaji ke yawan yi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi zuwa daga masu ɗaukar biki da suna da walima, da yaran da ke aikin montaji a shagunan Maradi, har da masu ɗaukar wa'azi da tafsiri. Kafin komi ina roƙon ku abu guda, don Allah in bidiyo ya ƙi buɗewa kada ku goge shi, kada ku yi ma karti forma, ku bar asalin fayil ɗin yadda yake ku yi kofi ku yi gwaji a kan kofin. Mafi yawan lokaci bidiyon lafiyarshi lau, manhajar ce ta kasa karanta shi. Biki kuwa ba a maimaita shi.

Malam, bidiyon yana tafiya lafiya a salula amma a kwamfuta ya ƙi, mi ya sa?

Wanga shi ne ya fi yawa. Abin da kake gani a ƙarshen sunan fayil, wato MP4 ko MOV ko MKV ko MTS, kamar ambulan ne na wasiƙa, abin da ke ciki kuma an rubuta shi da wani rubutu da ake ce ma kodek. Ambulan iri ɗaya ne amma wata wasiƙa da boko aka rubuta ta wata da ajami, wanda boko kaɗai ya iya zai buɗe ambulan ɗin ya tsaya yana kallo. Shi ya sa za ka ga MP4 guda biyu, ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi, kuma kamara guda ko mutum guda ya kawo su.

Kodek ɗin da kusan kowace na'ura ta iya shi ne H.264, tun 2003 yake. Sabon da ke ba mutane wahala shi ne H.265, ana ce mashi HEVC, ya fito a 2013, yana rage girman fayil sosai amma yana da nauyin karantawa. Tun 2017 da iOS 11 ya fito iPhone da HEVC yake ɗauka in ba ka canza ba, su Samsung ma suna da wannan zaɓin. Windows 10 da 11 kuwa sau da yawa ba su zuwa da shi, sai ka sayi ƙarin HEVC a Microsoft Store, kuɗinshi bai kai dalar Amurka ɗaya cikakkiya ba amma sai da kartin banki mai biya a intanet, ka san ba kowa ke da shi ba a nan. In Windows ya nuna maka lamba 0xc00d5212 to kusan kullum maganar kodek ce.

Hanya mai sauƙi, ka sa VLC. Kyauta ne, ƙungiyar VideoLAN ta Faransa ke yin shi, kuma yana zuwa da kodek ɗinshi a cikinshi, ba ya roƙon Windows komi. In kuma mai iPhone ɗin abokin aikinka ne kuna ɗauka tare, ka ce ya shiga Réglages, Appareil photo, Formats, ya zaɓi Le plus compatible, daga nan H.264 zai riƙa ɗauka, fayil zai ƙara girma amma kowa ya huta.

To ta yaya zan gane ko fayil ɗin ne ya lalace ko manhajar ce?

Ka fara da girman fayil. Danna dama a kanshi ka duba. In ka ga 0 ko ƴan kilo kaɗan alhali bidiyon minti ashirin ne, to ba a kofe shi ba ma, ka koma ga karti ko salular da ya fito. In girman ya yi daidai da tsawon abin da aka ɗauka sai ka jefa shi cikin VLC. Ya buɗe a VLC amma ya ƙi a Bridge mai tsara hotuna ko Premiere ta montaji ko Photos na Windows? Alhamdu lillahi, fayil ɗin ƙalau yake, matsalar tana ga waccan manhajar. Ya ƙi har a VLC? Sai ka sa MediaInfo, wata ƴar ƙaramar manhaja ce ta kyauta, ita ba ta kunna bidiyo, tana dai faɗa maka abin da ke ciki, wane kodek ne na hoto, wane ne na murya, hoto nawa a sakan, 8 bit ne ko 10 bit. In MediaInfo ta jero maka duk wannan to akwai rai a fayil ɗin. In ba ta nuna komi ba sai suna da girma, kan fayil ɗin ne ya samu matsala, ka karanta amsar da ke can ƙasa mai maganar ɗaukewar kuran ana tsakar ɗauka.

Ni a ganina duk mai shagon montaji ya kamata VLC da MediaInfo da HandBrake, mai juya bidiyo daga wani kodek zuwa wani, su zama abu na farko da zai sa bayan Windows, kafin ma Premiere. Dukkansu kyauta ne kuma ba su da nauyi.

Ƙananan hotunan da ke gaban fayil sun ɓace, sai alamar VLC kawai nike gani ko farar takarda

Wannan ba lalacewa ba ce. Ka buɗe kowane dosiye ka shiga Options, shafin Affichage, akwai layin da ke cewa Toujours afficher des icônes, jamais des miniatures, in da alama a gabanshi ka cire. In babu alama amma duk da haka hotunan ba su fito ba, ko suna fitowa a hargitse hoton wani bidiyo a kan wani, to ma'ajiyar ƙananan hotunan ce ta rikice, ka buɗe Nettoyage de disque ka zaɓi Miniatures ka share, Windows zai sake gina su da kanshi. Amma ka sani Windows ba zai iya ciro hoto daga bidiyon da bai iya karantawa ba, don haka fayil ɗin HEVC zai zauna ba hoto har sai an sa kodek ɗin, ko da VLC na kunna shi. Akwai wata ƴar manhaja Icaros da aka yi don wannan aikin kaɗai.

A Bridge ko Lightroom bidiyon yana nan cikin jeri amma wurin kallo toka-toka ne, ko ya yi ta juyawa ba ya gamawa

Irin waɗannan manhajoji na tsara hotuna da bidiyo ba su kunna fayil kai tsaye kowane lokaci, suna fara gina wani ɗan samfuri su ajiye a wata ma'ajiya da ake ce ma kash. In kuran ya ɗauke suna tsakar ginawa, ko disk C ya cika, samfurin sai ya lalace kuma manhajar ta yi ta nuna maka lalataccen. Ka fara duba disk C, in ya yi ja ka rage kaya, mutane da yawa suna tara bikin wata uku a kan Bureau su manta duk a C yake zaune. Sannan ka shiga préférences na manhajar ka nemi wurin kash ka share. Share kash ba ya taɓa asalin bidiyonka ko kaɗan, sai dai buɗewar farko za ta yi jinkiri. Kuma ka ba ta lokaci, in ka buɗe dosiye mai fayil ɗari biyu na 4K daga disk na waje, ba a minti ɗaya za ta gama ba, ka je ka yi salla ka dawo.

In manhajar taka tsohuwa ce ƙwarai, irin ta shekara goma da ake ta kofewa daga kile zuwa kile, ba za ta san bidiyon sabuwar salula ba duk kash ɗin da za ka share. Ga wanda ke son mai tsara hotuna ta kyauta akwai digiKam, sai XnView MP in don amfanin kai ne ba kasuwanci ba.

Ana tsakar ɗauka batir ya mutu, ko kuran ya ɗauke, fayil ɗin yana da giga biyu amma babu abin da ke buɗe shi. An rasa shi kenan?

A'a, kada ka yanke ƙauna tukuna, kuma a nan ne nike son a natsu sosai don nan ne ake asarar aikin mutane. MP4 da MOV suna da wani ɓangare da ake ce ma moov, shi ke riƙe da lissafin inda kowane hoto da kowace murya take a cikin fayil. Yawancin kamara da salula sai an danna tsayawa sannan suke rubuta wannan lissafin a ƙarshe. In wuta ta yanke kafin nan, hotunan duk suna ciki, giga biyun nan da kake gani su ne, lissafin ne kawai babu. In ka gwada shi da manhajar FFmpeg zai ce maka moov atom not found.

Abu na farko, ka maida kartin cikin kamarar da ta ɗauka da cikakken batir, wasu kamarori suna gane fayil ɗin da bai rufe ba su tambaye ka ko su gyara. Amma kafin haka ka kofe duk abin da ke kartin zuwa kwamfuta. In kamarar ba ta gyara ba akwai wata manhaja ta kyauta mai suna untrunc. Yadda take aiki, kana ba ta lalataccen fayil ɗin tare da wani lafiyayye da aka ɗauka da kamara ɗaya da saiti ɗaya, ta duba tsarin lafiyayyen ta sake gina lissafin na marar lafiyan. Sharaɗin saiti ɗaya ɗin nan da gaske ne, in lalataccen 1080 ne mai hoto 25 a sakan, kada ka ba ta 4K ko mai 50. In ba ka da wani, ka ɗauki sabon bidiyo na rabin minti da kamarar ba tare da ka canza komi ba, a wani kartin daban. Ba kullum take cin nasara ba, wani lokaci hoto ya dawo murya ta ɗan goce, amma amarya ta ga ɗaurin aurenta da murya mai ɗan gocewa ya fi a ce mata babu.

Ku kiyayi shafukan da ke cewa ka tura masu bidiyon ka biya su gyara, ka ƙona mega ka tura sirrin gidan mutane ga wanda ba ka sani ba, bidiyon kamu da na cikin gida fa amana ce aka ba ka.

Masu ɗaukar tafsiri ko taro da manhajar OBS a kwamfuta, ku duba a wane tsari yake ajiyewa. MKV ba ya mutuwa in wuta ta yanke, abin da aka ɗauka har zuwa sakan ɗin yana nan, bayan an gama kuma OBS ɗin da kanshi yana iya maida shi MP4 ba tare da an rage kyan hoto ba. Tsofaffin kamarori masu MTS su ma sun fi jure yankewa. Kuma duk mai kwamfutar tebur a garin nan ya daure ya sayi ondilar, wato akwatin batir mai riƙe wuta in kuran ya ɗauke, ko ƙarama ce da za ta ba shi minti biyar ya ajiye aiki ya kashe.

Kile ɗina giga 32 ne, babu komi a ciki, amma ya ce fayil ya yi mashi girma

Kile ɗin a tsarin FAT32 yake, shi kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4 ko da fili ya yi yawa. Ka kwashe abin da ke ciki ka yi mashi forma da exFAT ko NTFS. Sai dai ka tambayi mai aikin a ina zai kalla, don wasu tsofaffin talabijin da dekoda FAT32 kaɗai suke karantawa, a nan sai ka raba fim ɗin kashi biyu ko ka rage nauyinshi da HandBrake. Dalilin nan ne kuma ya sa kamara ke yanka doguwar ɗauka gunduwa-gunduwa, ba lalacewa ta yi ba. Giga 4 ba wuyar cika gare shi ba yanzu, iPhone a 4K mai hoto 60 yana cin kusan mega 400 a minti guda, minti goma ka kai.

Na sayi sabon karti, bidiyon farko-farko suna buɗewa, na baya duk sun ƙi

Ina jin tsoron kartin jabu ne. Ana sayar da karti an rubuta 64 ko 128 a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, amma ainihin abin da ke ciki giga 8 ne ko ƙasa. Yana karɓar kaya ba ya ƙorafi, sunayen fayil duk suna nan da girmansu, amma duk abin da ya wuce ainihin cikinshi iska ce aka rubuta. Wannan kam babu untrunc ɗin da zai dawo da shi don hoton bai taɓa sauka ko'ina ba.

Maganin shi ne gwaji kafin aiki. Duk kartin da ka saya, a kasuwar Maradi ne ko daga Katsina ko Kano aka kawo maka, ka sa shi a H2testw kafin ka kai shi gidan biki. Manhajar tana cika kartin da rubutu har ƙarshe sannan ta karanta ta gani ko ya dawo daidai, tana ɗaukar lokaci amma ka bar ta ta gama. Sau da yawa shi kanshi mai shagon bai san jabu aka ba shi ba, don haka ka koma mashi da sakamakon cikin mutunci. In farashin ya yi araha fiye da hankali, ka yi shakka tun a wurin.

Murya na tafiya amma hoton baƙi ne, ko kore, ko ya farfashe

Galibi kart girafik ce, wato ɓangaren kwamfuta mai fitar da hoto a allo. Manhaja tana miƙa mata aikin karanta bidiyon don ya yi sauri, ita kuma ko ta tsufa ko pilot ɗinta, wato ƴar manhajar da ke sarrafa ta, ya tsufa. A VLC ka shiga Outils, Préférences, Entrée / Codecs, ka kashe décodage matériel, ka rufe ka sake buɗewa. A Premiere ma akwai irin wannan zaɓin cikin préférences ɓangaren Média. In hoto ya dawo ka gano mai laifi, sai ka sabunta pilot ɗin daga shafin Intel ko Nvidia ko AMD.

Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne, wato tsofaffi, Core i5 ƙarni na 3 ko na 4. Intel sai daga ƙarni na 6, wajen 2015, ya fara karanta HEVC sosai da kanshi, mai 10 bit kuwa sai ƙarni na 7. Ƙasa da haka processeur, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, shi ne zai ɗauki duk nauyin, ka ji fanka na kuka hoto na tsalle. In za ka sayi kwamfutar montaji ka duba ƙarnin, kada ka tsaya ga i5 ko i7 da aka manna a jiki.

Hoto lafiya, murya babu

Duba da MediaInfo. In ka ga AC-3 a layin murya, wanda shi ne na yawancin kamarorin Sony da Panasonic masu MTS, to ka sani Windows 11 daga 24H2 ya daina zuwa da wannan kodek ɗin in sabon sawa aka yi. VLC yana kunna shi. Don montaji kuma ka maida muryar zuwa kodek ɗin AAC da HandBrake. In kuwa MediaInfo ba ta nuna layin murya sam ba, ko layin na nan amma shiru ne a ko'ina, to tun wurin ɗauka ne, wayar makirfo ba ta shiga daidai ba ko batirinshi ya mutu, shi ya sa ake sa abin kunne lokacin ɗauka.

Baki na motsi daban magana daban, kuma abin ƙaruwa yake in fim ya yi nisa

In gocewar iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, jan layin murya kaɗan ya isa. Amma in da farko daidai ne, a minti goma ta goce kaɗan, a minti talatin ta yi nisa, to bidiyon salula ne ko na ɗaukar fuskar kwamfuta. Salula ba ta riƙe adadin hoto a sakan daram, in wuri ya yi duhu ko ta yi zafi sai ta rage, in ya yi haske ta koma, manhajar montaji kuma tana son adadi tsayayye. MediaInfo za ta rubuta maka variable a layin. Ka wuce da shi ta HandBrake, ka zaɓi H.264, ka sa 25 ko 30 gwargwadon aikinka, ka danna zaɓin adadi tsayayye, sannan ka shigar da sabon fayil ɗin.

Tunda maganar ta zo, wutarmu ta Nijar 50 hertz ce, in kana ɗauka cikin ɗaki ƙarƙashin fitila da 30 ko 60 wani lokaci za ka ga haske na rawa ko layuka na sauka a hoton. Wannan ba matsalar kunnawa ba ce, a cikin ɗaukar yake, ka sa kamara a 25 ko 50.

Yana buɗewa amma sai tsattsayawa yake, ba a iya aiki

Kafin ka ce kwamfuta ta gaza duba daga ina kake kunna shi. In kai tsaye daga karti ne ko kile ko disk na waje da ka soka a ramin USB 2, ka kofe shi cikin kwamfutar tukuna, ko ka nemi rami mai launin shuɗi wato USB 3. In fortabil ce ka soka caja, da yawa suna rage ƙarfi in a batir suke. Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 a Maradi, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka, processeur da kanshi yake rage gudu don kada ya ƙone, sai ka ga aikin da ya tafi lafiya da asuba ya ƙi da azahar. A kai ta a buɗe a hure ƙurar a canza man da ke kan processeur, kuma kada a ɗora ta kan katifa ko darduma.

In duk an yi wannan 4K ɗin bai tafi ba sai firoksi. Premiere da DaVinci Resolve duk suna yi, manhajar tana yin ƙaramin kofi marar nauyi ka yi yanke-yankenka a kanshi, lokacin fitarwa kuma ta koma ga asalin mai kyau. Kana iya sa ta yi da dare ka tarar ta gama. Ka kuma rage ingancin wurin kallo zuwa rabi ko kwata, ba ya shafar abin da zai fita. Kuma gaskiya in aikin a WhatsApp da Facebook zai ƙare, 1080 ya wadatar, ba dole sai 4K ba. Wanda ke da hali ya sa SSD, wato disk mai sauri marar juyawa, a madadin tsohon disk mai juyawa zai ga bambanci tun ranar.

Na buɗe aikina na tarar da jan allo an rubuta Média hors ligne

Manhajar ba ta haɗiye bidiyonka ba, adireshinshi kawai ta riƙe. Ka canza sunan dosiye, ko ka matsar da shi, ko disk ɗin waje da jiya yake E yau ya zama F don ka soka wani kile kafin shi, shi kenan ta ɓace hanya. Danna dama ka zaɓi sake haɗawa ka nuna mata fayil guda, sauran za ta gano su in suna wuri ɗaya. A Lightroom alamar tambaya ce ke fitowa a kan dosiyen, gyaran iri ɗaya ne.

Abu biyu da ke jawo irin wannan ba a lura. Sunan fayil mai ƙ ko ɗ ko é, wasu tsofaffin manhajoji suna tuntuɓe a kansu, gara ka rubuta biki_zinder_01 kawai. Sai dosiye cikin dosiye cikin dosiye masu dogayen sunaye, Windows yana da iyakar harafi 260 ga dukan adireshin a manhajoji da yawa. Masu kamarar MTS kuma ku kofe dosiyen PRIVATE gaba ɗayanshi, kada ku shiga ciki ku tsinci fayil ɗin bidiyo kaɗai, sauran ƙananan fayilolin su ke gaya ma manhaja yadda gunduwoyin ke haɗuwa.

An turo mani ta WhatsApp ko Xender, ya kai rabi ya tsaya

Bai gama sauka ba, rezo ya yanke ko salulolin sun yi nisa da juna. Ku gwada girman fayil a wurin mai turowa da wurinka, in ba ɗaya ba ne a sake. Kuma in don montaji ne a turo shi a matsayin document, WhatsApp yana karɓar har giga 2 ta nan kuma ba ya matse shi, in aka turo ta hanyar da aka saba zai rage kyan hoton ba ya dawowa. Mai kofewa daga iPhone da waya zuwa Windows in abin na yankewa a tsakiya, ya shiga Réglages, Photos, can ƙasa ya zaɓi a bar fayilolin asali, don salular tana ƙoƙarin juya bidiyon ne tana turawa lokaci guda sai ta gaji. Haka in fayil na da alamar gajimare a gefe, yana OneDrive ko iCloud ne bai sauko ba, ba zai buɗe ba sai da intanet.

Launi ya koɗe, fuskoki sun yi fari fat, alhali a iPhone ɗin ya yi kyau

HDR ne, wato ɗauka mai haske da launi fiye da yadda aka saba. Daga iPhone 12 na 2020 suna ɗauka da wani irin HDR mai suna Dolby Vision, allon kwamfuta na yau da kullum kuma ba ya nuna shi daidai. Sababbin Premiere da Resolve suna iya daidaita launin zuwa Rec. 709, wato launin bidiyo na yau da kullum, amma mafi sauƙi a kashe Vidéo HDR a saitin kamarar salular kafin a fara ɗauka, musamman in za a haɗa da hoton wata kamara.

Wani ya ce in sa babban kunshin kodek ko QuickTime, in sa?

QuickTime na Windows kada ka sa, Apple ya daina kula da shi tun 2016 kuma yana da ramukan tsaro da ba a toshe ba. Kunshin kodek irin K-Lite yana taimakon wasu manhajojin kallo, amma Premiere da Resolve da nasu suke aiki, ba zai canza masu komi ba, kuma in ka jibga kunshi biyu uku sai su riƙa karo da juna. Wanda ya fi ban tsoro shi ne shafin da zai ce sai ka sauke wani kodek na musamman kafin bidiyo ya buɗe, ko fayil ɗin da aka turo a matsayin bidiyo amma ƙarshen sunanshi exe ne, wannan cuta ce kada ka danna. Haka canza ƙarshen suna daga MOV zuwa MP4 da hannu ba ya canza abin da ke ciki.

Na riga na yi ma kartin forma, ko yaro ya goge, akwai dabara?

Cire kartin daga kamara yanzu-yanzu, kada a ɗauki ko hoto guda a kanshi, don galibi forma mai sauri ba ya share hotunan, jerin sunayen kawai yake sharewa, amma duk sabon abin da aka ɗauka yana hawa kan tsohon ne. Ka tura ɗan makullin gefen kartin ƙasa, ka sa shi a kwamfuta, ka yi amfani da PhotoRec, kyauta ne kuma duk da sunanshi yana ciro bidiyo, ko Recuva. Abin da aka ciro a ajiye shi a wani disk daban, ba kan kartin ba. Wasu fayilolin za su dawo ba suna, wasu dogaye za su dawo a karye don a warwatse kamara ta rubuta su, waɗannan sai a gwada masu untrunc. In Windows ya ce sai an yi ma karti forma kafin ya buɗe, ka danna a'a, ka gwada wani abin karanta karti tukuna don su ma ƴan arahar nan suna yawan mutuwa. In kuma disk na waje ne ya fara ƙara ƙyas-ƙyas ko yana ɓacewa yana dawowa, ka daina kunna bidiyo daga kanshi, ka duba lafiyarshi da CrystalDiskInfo, ka fara kwashe aikin da ba a kai ma masu shi ba tukuna kafin sauran.